Yoyon Injin Wanki

Malama tana cikin ba mijinta shayi da cokali sai ta ji sanyi a tafin ƙafarta. Ta duba ƙasa. Ruwa ne fari da kumfa ya lallaɓo ta ƙarƙashin ƙofar ɗaki, har ya jiƙa gefen darduma. Ba ta tashi ba. Ta ƙarasa ba shi cokalin da ke hannunta, ta goge masa gefen baki, ta sake ɗebo wani.

"Madalla," in ji shi, idonsa a kan ruwan.

"Na gani," ta ce.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a banɗaki bara, kalmar da ta rage masa ke nan. Likita ya ce hankalinsa yana nan daram, yana jin komai, yana gane komai, bakin ne kawai ya ƙi ba shi haɗin kai. In yana jin yunwa, madalla. In allura ta shige shi, madalla. Ranar da aka zo aka gaya masa amininsa ya rasu, ya daɗe yana kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi, daga ƙarshe abin da ya fito shi ne madalla, masu kawo labarin suka sunkuyar da kai.

Injiniya ake ce masa, amma bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Sunan ya samo asali ne daga halinsa: duk abin da ya lalace a gida sai ya kwance shi, rediyo ne, fanka ce, dutsen guga ne. Kuma duk abin da ya ɗaure sai an sami ragowar kusoshi a ƙasa. In 'yarsu Auta ta tsokane shi, sai ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci, ya sa kusoshin da ba a buƙata. Abin mamaki, yawanci kayan sukan tashi su yi aiki.

Ita kuwa Malama 'yan aji biyu take koyarwa a firamare kafin ta ajiye aiki don jinyarsa.

Sai da kofin ya ƙare sannan ta fita. Injin wankin yana lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, yana ta juyinsa kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Ta kashe shi, ta zare fulogi, ta ɗauko tsumma da bokiti ta durƙusa. Tana matse tsumma tana kallon hannuwanta kamar na wata ne. Ta san ya kamata ranta ya ɓaci. Injin nan shi ne ƙafarta ta uku. Kullum sai an wanke zanen gado, wata ranar sau biyu, ga wanduna, ga tawul, ga ledar da ake shimfiɗa masa. Ta laluba cikin ƙirjinta ko za ta sami ɓacin ran, ba ta sami komai ba. Haka take tun da daɗewa, kamar hannun da aka kwana a kai: kana taɓa shi, kana ganinsa, amma ba ka jin komai.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maman Tagwaye ce, wadda ke zaune a ƙasan benen, da ɗankwali a karkace.

"Malama, ina kwana? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi ba don abin ya yi yawa ba da ban hawo ba. Silin ɗin kicin ɗina ne ke ɗiga. Na ɗora tukunya, ina jin ɗis, ɗis a kan murfi, na ce yau kuma ruwan sama a cikin ɗaki?"

"Injin wanki ne. Na kashe shi. Ki yi haƙuri."

"Haba, haƙurin me? Ke ce da haƙuri ai. Kullum ina gaya wa Baban Tagwaye, irin Malama sai an tona. Ni da tuni na zauce."

Malama ta yi murmushin da ta saba yi in an faɗi haka, ta karɓi lambar wani mai gyara da matar ta ba ta, ta rufe ƙofa.

Mai gyaran ya ɗauka a bugun farko, ga ƙarar guduma a bayansa. Ya ce ga shi nan zuwa bayan azahar. Bai zo ba. Washegari ya ce yana hanya. Rana ta uku wayarsa ta ƙi shiga. Ta kira Auta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ga goyo ga aiki.

"Umma, ki bar wahalar da kanki. Injin nan ya girme ni a gidan nan fa. Ki bari ƙarshen wata mu ga yadda za a yi a sayi sabo."

"To."

"Umma, kina lafiya kuwa? Muryarki wata iri."

"Lafiya lau. Ga babanki."

Ta kara masa wayar a kunne. Tana jiyo Auta tana ta zuba, shi kuma yana amsawa da kalmarsa, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da ƙarfi, yarinyar tana dariyar da ake yi don kada a yi kuka.

Malama ta koma wanki da hannu a bahon banɗaki. Zanen gado in ya sha ruwa nauyin mutum gare shi. Tsakanin yatsunta ya tsage, sabulu yana shiga. Barandar ta cika da shanya, har da bayan kujeru. Da ta ji ya motsa sai ta bar wankin ta je ta duba, ta juya shi, ta dawo ta tarar ruwan ya huce. Ba ta yi ƙorafi ba, ba don haƙuri ba. Ƙorafi ma ƙarfi yake so.

Ana cikin haka wan Injiniya ya zo dubiya. Yaya dogon tsoho ne mai murya kamar lasifika, kuma tun da ƙaninsa ya kwanta ya yanke wa kansa hukuncin cewa kurma ne.

"Injiniya!" ya daka tsawa a saitin kunnensa. "Ya jikin? Ka ga ka yi ƙiba! Malama tana ji da kai!"

Injiniya ya runtse ido. "Madalla."

"Ka ji! Ya ce madalla!"

Da ya ga shanya ko'ina ya tambayi dalili. Ya je ya tsaya a gaban injin, ya riƙe ƙugu, ya ƙwanƙwasa samansa, ya ɗan haure shi da ƙafa. Ya ce cikinsa ne ya fashe, irin wannan ba ya gyaruwa, shi ma nasu haka ya yi. Malama ta ce to.

Sai da ta rako shi bakin matakala muryarsa ta sauka. Ba ta taɓa sanin yana da ƙaramar murya ba.

"Malama, yaushe rabonki da fita daga gidan nan?"

"Ina zuwa kantin magani."

"Ba wannan nake nufi ba." Ya kalli hannuwanta, ta ɓoye su cikin mayafi. "Matata ta ce in gaya miki, za ta riƙa zuwa ta wuni da shi, ko sau ɗaya ne a sati. Ta yi jinyar mahaifiyarta, ta san aikin. Ke kuma ki fita ki sha iska."

"Ba komai, Yaya. Ina iyawa."

"Na san kina iyawa. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Ya sauka yana dafa bango. Ta tsaya tana jin takunsa har ya ɓace, sannan ta koma ciki domin lokacin magani ya yi.

Washegari da hantsi ta ɗauko zanen gado na ƙarshe mai tsabta ta shimfiɗa masa. Sauran duk suna kan igiya, ba su bushe ba. Ta tsaya da jiƙaƙƙen a hannu tsakanin banɗaki da injin. Bayanta ya riƙe. Ta ce a ranta, bari dai ta ga ta inda ruwan ke fita, ko da roba ce ta tara.

Ba ta son barinsa shi kaɗai, don ranar yana ta zamewa daga kan matashi. Ta ɗaga shi ta ɗora a kekensa, ta turo shi bakin lungun, ta taka birki. Ta cusa zanen a injin, ta ja durowar sabulu, ta zuba gari ludayi uku cike kamar yadda ta saba, ta tura, ta kunna. Sannan ta durƙusa ta kafa ido a ƙarƙashin injin.

Wani abu ya buga. Injiniya ne ke dukan hannun keken da hannunsa na hagu, mai lafiyar.

"Banɗaki za ka?"

Ya girgiza kai.

"Ruwa?"

"Madalla!" Ya miƙa yatsa sama.

Ta ɗaga kai. Ashe ba daga ƙasa ba ne. Daga bakin durowar sabulun ruwan ke tumbatsa, ya biyo fuskar injin, ya zagaye ƙofar gilashi, ya sauka a tayil. Duk kwanakin nan ba ta taɓa kallon sama ba. Ta kashe, ta zare fulogi, ta rufe famfon da ke bayan injin saboda ya nuna mata shi da haɓa.

Ta ja durowar. Ta fito rabi ta cije. Ta ƙara ƙarfi, ta ji robar tana shirin karyewa. Ya sake buga keken. Da ta waiwaya sai ta ga ya ɗora babban yatsansa a kan gwiwarsa yana dannawa, yana ɗagawa, yana dannawa.

"Ƙafar ce ke ciwo?"

Ya rufe ido kamar mai neman tsari da ita. Ya buɗe, ya nuna durowar, ya sake danna gwiwa.

Ta leƙa ciki. A tsakiyar durowar akwai wata 'yar roba shuɗiya da sabulu ya kusa binnewa. Ta ɗora yatsa ta danna, ta ja. Durowar ta zaro gaba ɗaya, har ta kusa faɗuwa da baya.

Ba ta taɓa sanin tana fita ba. Shekara da shekaru shi ke cire ta ya wanke, ita ba ta ma lura ba, ko kuwa ta lura ta ɗauka cikin taɓe-taɓensa ne na rashin aikin yi. Ta juya ta a hannu. Garin sabulu ya daskare a ciki ya zama dutse, fari a sama, toka-toka a ƙasa, ga baƙar gansakuka mai yauƙi a kusurwoyi. Ramin da durowar ta fito daga ciki ya fi muni. Ta haska da fitilar waya. Can ƙarshe, inda ruwa ya kamata ya gangara cikin injin, sabulu ya toshe wurin, saura 'yar kafa da ba ta fi ƙwayar wake ba.

Ta dafa ruwa a buta, ta juye a baho, ta jiƙa durowar. Ta ɗauko tsohon buroshin haƙori da cokali. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a gabansa, bahon a tsakaninsu, tana kankara. Dutsen yana ɓantarewa gutsure-gutsure. Ya nuna mata shuɗiyar robar, ya yi alamar a cire. Ta cire, ta ga wani siririn bututu a ƙarƙashinta, shi ma a toshe. Ta zura masa tsinken tsintsiya har ya buɗe.

Ya miƙo hannu ya taɓa gwangwanin sabulun da ke kan injin. Ya ɗaga yatsu uku, ya kalle ta. Ta gane tambayar.

"E, uku nake zubawa."

Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya kaɗa shi.

"Na sani. Da ɗaya nake sawa." Ta ci gaba da goge kusurwar durowar. "Warin fitsarin ne ba ya fita. In na shanya zanen ina jin sa, in na goge ina jin sa, a hannuna ma ina jin sa. Shi ya sa nake ƙarawa."

Da muryar da take karanta sunayen 'yan aji ta faɗe shi. Sai da maganar ta fita ta tuna ba ta taɓa ambaton abin a gabansa ba. Kullum in ta zo canja shimfiɗa cewa take zufa ce ta yi yawa, ko shayi ne ya zube, shi kuma ya kalli silin har ta gama.

Ya juya fuskarsa wajen bango iyakar yadda wuyansa ya yarda. Ta ga hawaye ya taru a idonsa na hagu, ya gangaro ta gefen hanci ya tsaya a gashin baki. Mutumin da ko ranar aiki ba ya fita sai ya fesa turare har Auta ta yi atishawa. Malama ta dakata da buroshin a hannu, tana jira ta ji wani abu ya tsinke a cikinta. Ta jira. Abin da ta ji kawai gwiwarta ce ta yi tsami a kan kujerar. Ta ɗauraye hannu, ta ɗauki gefen tawul ta share masa fuska kamar yadda take share masa shayi.

"Ba laifinka ba ne," ta ce. "Ba laifin kowa ba ne."

Ta koma kan aikinta. Ta naɗe tsumma a bakin cokali ta zura cikin ramin, tana kwasowa tana zubarwa a leda. A rufin ramin akwai ƙananan huji da ruwa ke fesowa ta ciki, rabinsu sun toshe da farin ƙasa-ƙasa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da allurar ɗinki, wuyanta a karkace, ruwan datti yana gangarowa har gwiwar hannunta. Ta zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Da farko ya tsaya cak, yana kallonta. Can sai ya yi wata 'yar ƙara, ya wuce.

Lokacin da ta mayar da durowar, ya riga ya juyo da fuskarsa. Ta buɗe famfo, ta sa fulogi, ta zuba ludayi ɗaya, ta kunna. Suka zuba ido su biyu. Ruwa ya shiga da ƙararsa. Bakin durowar ya zauna a bushe na ɗan lokaci, sannan wani ɗigo ya leƙo ta kusurwar dama, ya yi jim, ya gangaro.

"To," ta ce. "Mun yi iya yinmu."

Ya buga keken. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a iska, ya karkata shi gaba, ya nuna injin. Ya sake daidaita tafin, ya ɗan ɗaga yatsun sama.

Ta ja baya ta dubi injin daga gefe. Gaskiyarsa. Injin ya sunkuyo gaba kamar tsohon da ke neman abin da ya yar. Girgizar wanki ta yau da gobe ta sassauta ƙafafunsa na gaba. Ta kashe shi, ta ɗauko sifana a akwatin kayan aikinsa, ta kawo masa guda biyu ya zaɓa. Ta kwanta rubda ciki a kan tayil mai sanyi, ta sa kafaɗa ta ɗan tokare injin, tana murɗa ƙafar. Ta murɗa ta inda ba daidai ba, ya yi gyaran murya, ta juya. Tana yi tana ɗago kai, shi kuma yana auna injin da ido ɗaya a rufe, har ya ɗaga hannu alamar ya isa.

Wannan karon ba abin da ya ɗigo. Injin ya wanke, ya ɗauraye, ya matse, ya yi shiru. Ta shafa tayil da tafin hannu. A bushe.

"Madalla," in ji Injiniya, a hankali. Ba ta san ko wannan ta gaske ce ko irin sauran ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta tura shi ɗaki, don ya daɗe a zaune, ta kwantar da shi a ɓarin hagu.

Da la'asar mai gyara ya iso da jakarsa, yana ba da haƙuri, wai yawan aiki ne ya riƙe shi. Ta ce masa an gyara. Ya tambaya wa ya gyara. Ta ce maigidan ne. Ya ce ai shi ke nan, a gaishe shi.

Bayan ya tafi ta daɗe tsaye a kicin da waya a hannu. Ba wani tunani take yi ba. Sai ta ga ta danna lambar Yaya.

"Yaya, maganar da ka yi rannan. In Anti tana da hali, ta zo."

"Alhamdu lillahi!" Ya koma babbar muryarsa, sai da ta janye wayar daga kunne. "Jibi tana nan tun da safe!"

Matar Yaya ta zo da jakar saƙarta da silifas na zaman gida. Malama ta nuna mata magunguna, da yadda ake juya shi, da inda zanen gado yake. Tana cikin maimaitawa matar ta kama kafaɗunta ta juya ta wajen ƙofa.

"Je ki, don Allah. In ya gagare ni zan kira ki. Kar in ga ƙeyarki kafin la'asar."

Ta sauka bene da takalmin da take zuwa makaranta da shi. Ya matse ta. A bakin titi rana ta dallare mata ido, ƙarar motoci ta yi mata yawa. Ta tsaya a inda ake jiran bas, tana tunanin inda za ta. Gidan ƙanwarta, za a tambaye ta ya mai jiki. Makaranta, za a ce yaushe za ta dawo. Kasuwa, ba abin da take so ta saya.

Wata bas ta tsaya. Kwandasta ya leƙo.

"Mama, ina zuwa?"

"Ina kuka nufa?"

Ya faɗi sunan wata unguwa da ba ta taɓa zuwa ba. Ta shiga, ta sami kujera a jikin taga, ta ɗora jaka a cinya. Shaguna suka fara wucewa, mai walda, mai faci, wata makaranta da yara ke tsere a fili. Ta jingina kai da gilashi don ta kalla da kyau.

Taɓa kafaɗarta aka yi ta farka. Bas ɗin ba kowa. Suna tsaye a wani fili mai ƙura a bayan gidan mai, direba yana can yana wanke fuska da ruwan gora.

"Mama, an zo ƙarshe," in ji kwandasta. "Tun ɗazu kike barci, na ce a ƙyale ki. Ba a wuce da ke ba dai?"

Ta share bakinta da gefen mayafi. Ta dubi wurin, ba ta gane ko'ina ba.

"A'a," ta ce. "Yaushe za ku koma?"

"Sai mun cika. Zai ɗan ɗauki lokaci fa."

"Ba komai."

Ta gyara zama, ta zare takalmin da ya matse ta, ta ajiye ƙafafunta a kansa.